Mujallun Kaka Mai Hoto

Daga Allah muke, gare Shi kuma Kaka ya riga mu komawa, ranar wata Laraba da hantsi, damina na tsaka.

Da aka dawo daga maƙabarta, maza suka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidanmu da ke Jega. Ni kuma na laɓe a bayan ƙyauren zaure, inda na saba zama in gida ya cika. Ta tsagin katakon ba na ganin fuskoki, sai ƙafafu da takalma, amma ina jin kowa.

Wani dattijo mai faso a dugadugansa ya ce, "Hoton da na tahi Makka da shi, shi ya ɗauke ni. Sau ukku yana gyara mani hula. Na ce mai, Malam, wai hula za ta Makka ko ni?" Aka yi 'yar dariya, sannan aka tuna inda ake, aka ce Allah shi jiƙan shi.

Can limamin unguwarmu ya gyara murya. "Shekara da shekaru muna gardama da shi kan hoto, kuma har yau ban sake ra'ayi ba. Amma ban taɓa jin ya ɗauki iyalin wani ba da izini ba. Wagga shaida ina ba da ita gaban Allah."

Bayan la'asar wata babbar mota ta tsaya a bakin titi. Direban da ke kai albasar Aliero kudu ne, abokin Kaka tun ina goye. Bai sami jana'iza ba. Ya tsuguna ya yi gaisuwa, ya share fuska da hularsa, ya ce, "To ni wa zan ƙara kawo ma takardu?" Ya fi shekara biyu rabonsa da kawo masa mujalla ko guda.

Yau kwana arba'in. An mayar da tabarmi masallaci, hira ta koma ta taki da farashin gero. Jiya har aka ci tuwon dare ba wanda ya ambaci Kaka. Shi ya sa na ɗauko ragowar littafin makarantata, in rubuta abin da na gani kafin ni ma ya soma zube mini.

Kaka mai hoto ne. Shagonsa ɗan ɗaki ne a jikin zaurenmu, da shuɗin labule da kujera ɗaya mai gajeriyar ƙafa, wadda yake tokarewa da murfin kwalba. Amma rabin aikinsa a kan babur yake yi: Maiyama, Aliero, ƙauyukan da ke tsakani, duk inda ake suna ko biki ko ake neman hoton kati. Ba ya ɗaukar mutum a gurguje. Sai ya yi masa sallama ko da sun gaisa ɗazu, ya gyara masa wuyan riga, ya ja baya, ya dawo ya sake gyarawa. In yaro ne, sai ya tsuguna su yi tsawo ɗaya. Mutanen ƙauye sun san ƙa'idarsa: ka daskare, kada ka ƙifta, har sai ka ji ƙaras. In an ji ƙaras, sai ka ga kafaɗu sun sauka, kowa ya saki numfashi.

Katin ajiya biyu kawai gare shi, don haka da zarar ya kai an wanke, sai ya goge ya sake cikawa. Amma kowane hoto biyu yake wankewa. "Guda na mai shi," in ji shi, "guda na ranar da na mai shi ya ɓace." Ranar kuwa tana zuwa. Wanda ruwa ya ci wa ɗaki, wadda gara ta cinye wa akwati, wanda ubansa ya rasu aka nemi hoto aka rasa. Su zo, Kaka ya tambaye su gari da lokaci, ya shiga ciki ya fito da shi. Ban taɓa ganin ya karɓi komai a kan na biyun ba. In an matsa masa sai ya ce, "Kanka na aje maka, in sayar maka da kanka?"

A cikin mujallu yake ajiye su.

Mujallun masu ɗaukar hoto ne na Turanci, tsofaffi, masu takarda mai santsi. Direban nan ke tsinto su a wajen masu sayar da tsofaffin littattafai a kudu, ya cusa su a bayan kujerarsa, su iso suna warin albasa. Sun cika kanta uku a ɗakin kwanan Kaka. Kowace mujalla gari ce da lokaci. Mai farin tsuntsu a bango ta Maiyama ce, wata babbar Sallah. Mai jan kwalekwale ta Aliero ce, lokacin cirar albasa. A ciki kuma kowane shafi gida ne. Bai rubuta komai ba, ko da ajami. Sai ka ji yana magana shi kaɗai, "Gidan maƙera, shafin da ke da tallar agogo," ya buɗe, ga su.

Na taɓa ce masa, "Kaka, in rubuta sunaye a bayansu?"

Ya kalle ni ta saman tabarau. "Uwargida, gado kike so da raina? Tuwo kin ƙi yi mani, sai dukiya. Bari sai hutu."

Uwargida yake kirana, irin wasan kaka da jika. Hutu ya zo ya wuce, wani ya zo. Na yi ta jiran ya tuna, don na kasa tuna masa.

Kaka ba ya karanta boko, hotuna yake kallo. Da na shiga sakandare sai ya mai da ni bakin mujallu. Bayan la'asar in zauna a gefen tabarmarsa, ya ɗora yatsa a kan rubutu, ya ce, "Nan mi sunka ce?" In karanta a hankali, in juya masa da Hausa iya abin da na gane. In na yi tuntuɓe a wata kalma sai ya ce, "Tsallake ta, ita ma ba ta san mu ba."

Wata rana ya kwance gilashin gaban kyamararsa, ya ce in leƙa. A ciki akwai ɗan madubi a karkace, bai kai akwatin ashana ba.

"Hasken mutum nan yaka faɗawa," ya ce, "shi hau bisa, shi iske idona. Abin da nika gani mutumin na da kainai. In na danna, madubin ga shi ɗaga, idona shi yi duhu, ƙiftawa guda. To cikin duhun nan hoto ka shiga. Mai hoto bai ganin abin da ya ɗauka sa'ad da yaka ɗauka. Shi ya sa nika bisimilla."

Ashe ƙaras ɗin nan da kowa ke jira, ƙarar madubin ce in ya tashi ya koma.

Ni na fara lura mujallun suna ramewa. Na farko sai ka riƙe da hannu biyu, na baya-bayan nan kuwa ba su fi littafin rubutu kauri ba. Kyamarorin da ke cikin tallace-tallace su ma suka riƙa ƙanƙancewa, ƙusumbin da ke samansu yana lotsawa. A ƙunshin ƙarshe da direba ya kawo akwai wata mai hoton kyamara an raba ta biyu a bango, kamar an yanka kankana. Kaka ya daɗe yana duban cikinta.

"Ina madubin?"

Na karanta a zuci, ban juya masa da Hausa ba.

"Karanta, uwargida. Ba ke kinka rubuta ba."

Na gaya masa. Sun ce manyan kamfanoni sun juya ga marasa madubi. Haske kai tsaye yake shiga, mai ɗauka kuma ɗan allo yake kallo a cikin mazubin ido. Sun fi sauƙin ɗauka, suna iya aiki shiru, su nemo idon mutum da kansu. Masu madubi, in ji marubucin, kwanansu ya ƙare.

Kaka ya ce, "To madubin mi ya yi masu?"

Wannan ba ya cikin rubutun.

Daga wannan ƙunshin direba bai sake kawowa ba. Ya ce mai sayarwar ya gaya masa ba su zuwa kuma, komai ya koma cikin waya.

Baffa, ƙanen babana, shi kaɗai ya gaji sana'ar. A Birnin Kebbi yake aiki, shi ne kuma ya fara shigowa da marar madubi gidanmu. Rigimarsu a Aliero ta faru, a sunan 'yar wani ɗan'uwanmu, ina wurin. Kaka yana can yana jera dattijai a kan benci, yana gyara rawuna, Baffa kuwa yana ratsa taro ba a jin motsinsa. Da aka natsa ya zo yana nuna wa Kaka allon, cike da jin daɗi.

"Baba, duba. Kahin ka danna guda na ɗauki ashirin."

"Ashirin na wa? Wa ka tambaya?"

A allon akwai wani tsoho da lomar masa a baki, da wata mata tana gyara ɗaurin zane, ba ta san ana kallonta ba.

"Goge," in ji Kaka.

"Baba, irin wanga shi aka so yanzu. Mutum yadda yake."

"Yadda yake, wanga tsakaninai da Allah na. Yadda yaka son a gan shi, shi na aikin mai hoto. Kyamarar da ba ta sallama ɓarauniya ta."

Mutane sun fara juyowa. Baffa ya ji kunya, kunyar ta zama fushi. Ya ce, "Ai ko mujallun naka sun bar taka. Tambayi mai karanta maka."

Kaka bai dube ni ba. Ya rataya jakarsa ya hau babur, ko naman suna bai tsaya ci ba. Wata huɗu Baffa in ya zo gida daga bakin zaure yake gaisuwa.

A tsakanin nan ne tsohuwar ta zo. Bafulatana ce daga wajen Gumbin Kure, siririya, da ƙwarya naɗe a tsumma. Ta tsuguna a bakin shago ta daɗe tana gaisuwa, har shanu ta tambaya, mu da ba mu da ko akuya. Sannan ta ce, tana kallon ƙasa, "Wai ka taɓa ɗaukar yaron nan."

"Wane yaro, Inna?"

Ta kau da kai. Kaka ya gane nan take. Ɗan fari ne, ba za ta kama sunansa ba. Ya tambaye ta sunan mai gidanta da lokacin da aka yi, ta ce shekarar da aka yi wa samari hoton kati. Yaron ya rasu lokacin girbi, ciwon kwana biyu. Hotonsa na hannu ya tafi da jakarsa, ba a san inda ta shiga ba.

"Tun da na haife shi ban taɓa tsayawa na kalle shi ba," ta ce. "Kakarshi ta goye shi. In ya shigo in kau da kai, in ya yi magana in amsa wa bango. Haka munka iske ana yi. Yanzu ina rufe ido in biɗi fuskar, sai in ga ƙeya."

Kaka ya shiga ɗaki. Ya ɗauko tsohuwar mujallar da hoton ke ciki, ya zaro shi a kife, ya miƙa mata a kife. Hannunta ya taso, ya tsaya. Akwai maza biyu a shagon suna jiran hoto. Ta mayar da hannun cikin mayafi.

"Aje mani. In na shirya ina dawowa. Kada kowa shi ji na zo."

"Yana nan, Inna. Ko shekara goma."

Don kada ya sha wahalar nema, ya sa shi shi kaɗai a cikin mujallar nan mai yankakkiyar kyamara, shafin tsakiya inda ƙarfen ɗinki yake. Na ga mujallar, na ga shafin. Fuskar ce ban gani ba, don har ya rufe bai juya ta ba. Ta bar masa nono a ƙwaryar, ya ce ba ya karɓa, ta ce ba na hoto ba ne, na jikarsa ne.

Da bazara madubin ya maƙale. Ya danna a wani biki, ya ɗaga, bai sauko ba. Ya kai kyamarar Sakkwato, mai gyara ya riƙe ta mako uku, ya dawo da ita yadda take, ya ce kayan irinta sun daina zuwa, sai dai a jira wata ta mutu a cire. Baffa da ya ji, ya zo har cikin ɗaki, ya ajiye tasa a kan tabarma, ya fita. Kaka ya jujjuya ta, ya kai ido, ya saita ni.

"Ina ganin ki, uwargida. Amma awa cikin talabijin."

Bai danna ba. Washegari ya naɗe ta a cikin sabon rawani, ya ɗora dabino a kai, ya ce a kai wa Baffa, a ce ya gode, Allah shi yi mai albarka. Daga nan suka koma magana, amma Kaka bai sake ɗaukar kowa ba. Ya wuni yana buɗe mujallu yana gaisawa da mutanen ciki. "Wanga ya riga mu. Wanga ma. Wagga tana nan, ta yi jikoki." Zazzaɓin da ya tafi da shi kwana uku ya yi.

Gwaggo ita ce babbar 'yarsa, a Maiyama take aure. Duk cikin 'ya'yansa ba wanda ya kai ta son sa. Ita ke aiko masa da fura mai yaji duk mako, ita ta suma da aka fito da makara. Washegarin rasuwa da sassafe ta shiga ɗakinsa da babban daro, idanunta a kumbure.

"Ba ni barin ubana shi kwanta kabari ɗakinai cike da hotuna," ta ce wa matan da ke tsakar gida. "Mala'ikun rahama ba su shiga. A fitar, a share, a yi mai karatu a ciki."

Ta riƙa ɗaukar mujalla ta ƙeya tana kakkaɓewa. Maiyama ta zube, Aliero ta zube a kanta, gidan maƙera ya gauraya da na masunta. Ina tsaye a bakin ƙofa. Na san abin da ke zubewa, ni kaɗai a gidan na sani. Amma Gwaggo tana kuka tana yi, mata sun cika ƙofa, ni kuwa ban taɓa ɗaga murya a gaban manya ba.

"Ke, kin tsaya kina kallona. Miƙo mani waɗancan na bisa."

Na miƙa mata. Har da mai yankakkiyar kyamara.

Takardun ba su yi asara ba, in ji mata, da su aka ƙunsa masar sadakar uku. Kwana biyu unguwa cike da shafuffuka masu maiƙo, awaki suna taunawa. Daron kuma aka kai shi bayan ɗaki, aka rufa masa buhu. Ranar da aka yi kwana huɗu aka tafka ruwa da la'asar, indararo ya zuba a cikinsa. Kafin in tuna in fita da gudu, ya cika har baki.

Na shanya abin da zai shanyu a ɗakin mahaifiyata. Na sama sun tsira. Na ƙasa sun manne sun zama curi-curi, in ka ɓanɓare sai fuskar wannan ta biyo bayan wancan.

Ranar kwana ashirin da shida tsohuwar ta dawo. Ba ta ji labari ba. Ta tsuguna a bakin shagon da ke rufe, ita kaɗai, da ƙwaryarta.

"Ina mai hoto? Na shirya."

Baffa ne ya fito, ya zo kwasar kayan shago. Ya gaya mata. Ta yi salati, ta yi addu'a mai tsawo, amma ba ta tashi ba. Na ja Baffa gefe na ba shi labari cikin raɗa, karo na farko da na yi masa magana mai tsawon haka. Ya dafe kai.

"Kin san fuskar?"

"A'a."

"Ita fa?"

"Ba ta sani ba."

"Ta zo da wanda ya san shi mana."

"Ba ta son kowa ya ji."

Muka fito da hotunan katin da suka tsira, muka baza mata a tabarma cikin zaure. Samari ne birjik, kowa da farin ƙyalle a baya, kowa ya daskare. Ta bi su da ido ba ta taɓa ko ɗaya ba. Ta kai ƙarshe ta dawo farko.

"Shi ya san wanda ya aje mani," ta ce. "Ku ba ku sani ba?"

Baffa ya dube ni, ya dubi ƙofa. Mai babur ɗin da ya kawo ta yana ta danna oda a waje. Sai ya sunkuya ya ɗauki ɗaya daga gefe, wanda ruwa bai taɓa ba, ya kife shi, ya miƙa mata da hannu biyu.

"Ga shi, Inna. Shi na wanga. Daban ya aje shi."

Na ga fuskar kafin ya kife. Na san shi. Tela ne a bakin kasuwa, kullum ina wuce shagonsa in za ni makaranta, yana taka keke yana jin rediyo.

Ta juya mana baya, ta fuskanci bango, sannan ta buɗe. Ta daɗe. Ba ta yi kuka mai sauti ba, kafaɗunta kawai nake gani. Can ta ce, ba da mu take ba, "Ashe yana da wushirya."

Ta ƙulle shi a haɓar zane, ƙulli biyu. Ta sa wa Kaka albarka, ta sa wa Baffa, ta dafa kaina ta ce Allah ya ba ni miji mai haƙuri. Ta bar ƙwaryar ta tafi.

Baffa ya ce, "Kin gani? Ta tahi da wani abu. Da hannu wofi fa?" Bai kalle ni ba da yake faɗa. Kullum in na dawo daga makaranta ina ɓanɓare curi ɗaya ko biyu, ko da yake in na ci karo da na gaskiyar ba zan gane shi ba, kuma ban san da wane baki zan je in karɓe wanda ke hannunta ba. Na sake hanyar makaranta, ba na bi ta bakin kasuwa.

Allah Ka jiƙan Kaka, Ka yalwata masa makwanci, Ka karɓi shaidar da aka yi masa a ƙofar gida. Amanar da aka ba shi ya riƙe ta har ya koma gare Ka, a hannunmu ta lalace. Mu Ka yafe mana. Akwai wata uwa a wajen Gumbin Kure da ke jira gida ya watse, ta kwance haɓar zane, ta kalli ɗan wata matar, ta roƙa masa rahamar kabari.